Kafin ka miƙa wa malamin taici gwiwoyinka: yadda ake gane ƙwararre a Abuja

Duk wanda ya saba fita da sassafe ranar Asabar wajen Tafkin Jabi ko harabar filin wasa na Moshood Abiola ya san yadda motsa jiki ya karɓu a Abuja. Ga masu gudu, ga masu tafiyar sauri, ga masu tsalle da kiɗa. A cikin wannan hada-hadar ce wasu suka fara cigiyar taici, wasan nan na Sinawa da ake yi a hankali kamar mutum yana ratsa ruwa. Yawancin masu cigiyar ba matasa ba ne. Ma'aikaci ne da ya yi ritaya likita ya ce masa ya rage zama, ko Hajiya da gwiwa ta mayar da sallarta kan kujera, ko ɗa mai nema wa mahaifinsa maganin tangaɗi bayan tsohon ya taɓa zamewa a banɗaki.

Abin da ya kamata a sani tun farko shi ne babu hukumar da ke ba da lasisin koyar da taici. Likita yana da rajista, likitan gashi, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓɓai a asibiti, shi ma akwai masu sa ido kan aikinsa, amma malamin taici ba shi da mai tuhumarsa. Mutum zai iya kallon bidiyo na wata biyu a YouTube, ya ɗinka farar riga irin ta Sinawa, ya buga takarda ya liƙa a ƙofar gidan motsa jiki, ba wanda zai tare shi. Kuma da yake a hankali ake motsin, sai a ɗauka ko an yi kuskure ba abin da zai faru. To, akwai. Jinkirin nan shi ke sa nauyin jiki ya daɗe a kan ƙafa ɗaya alhali gwiwa tana lanƙwashe. Idan gwiwar a karkace take, awa ɗaya sau biyu a mako ta isa ta mayar da ƙaramin ciwo babba. Shi ya sa muke cewa a ƙafafun ɗalibai ake gane malamin taici, kuma duk sauran bincike bayan wannan yake.

A wurin wa ka koya?

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kan salsala. Wanda ya ce ya sauke littafi ana tambayarsa a gaban wane malami, kafinta ma ana tambayar wa ya yaye shi. Taici ma haka yake. Tushensa ƙauyen Chenjiagou ne a lardin Henan na ƙasar Sin, inda ake danganta shi da Chen Wangting na ƙarni na 17. A gidan Chen ne Yang Luchan, wanda ya rayu daga 1799 zuwa 1872, ya koya, ya kai shi Beijin. Jikansa Yang Chengfu shi ya daidaita salon nan mai faɗi da taushi da aka fi gani a duniya yau. Gidaje biyar ake lissafawa: Chen, Yang, Sun, da Wu guda biyu, ɗayansu ana ce masa Wu Hao. A 2020 hukumar UNESCO ta sa taici cikin jerin al'adun gado na ɗan Adam.

Ba don tarihi kawai muka kawo wannan ba. Salon da malami yake koyarwa shi zai nuna maka ko ya dace da jikinka. Salon Chen yana da tsayuwa ƙasa-ƙasa, da murɗa jiki, da buga ƙafa, da fizgar ƙarfi ba zato, wani lokaci har da tsalle. Ga matashi mai son wasan faɗa abu ne mai daɗi, amma ba da shi dattijo mai amosanin gwiwa zai fara ba, sai in malamin ya san yadda zai sassauta masa. Salon Yang tafiyarsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, ba gaggawa ba tsayawa. Salon Sun, wanda Sun Lutang ya tsara, tsayuwarsa a sama take, takunsa gajeru ne, in ƙafa ɗaya ta taka sai ɗayar ta biyo ta, saboda haka gwiwa ba ta shan wuya sosai.

Abin da za ka fi cin karo da shi shi ne jerin motsi 24, wanda hukumar wasannin Sin ta tsamo daga salon Yang a 1956 don sauƙaƙa wa jama'a. Wanda ya iya yakan gama shi cikin minti shida ko kusa da haka. Tsohon jerin gidan Yang kuwa, wanda wasu ke ƙirga shi 85 wasu 108, yana cin minti ashirin ko fiye. Akwai kuma jerin 42 da aka tsara a 1989 don gasa. Malamin da ba zai iya gaya maka sunan jerin da yake koyarwa da gidan da ya fito ba, ba a taici ya taso ba, tsintar motsi ya yi nan da can.

Tambayoyi uku sun isa, kuma cikin ladabi ake yin su: "Malam, wane salo kake koyarwa? A wurin wa ka koya, shekara nawa kuka yi tare? Yaushe rabon da wani ya duba tsayuwarka ya gyara maka?" Ta ukun ta fi muhimmanci. Kuskuren taici a hankali yake shiga jiki, mai shi ba ya jin sa, sai idon wani. Malamin da ya shekara biyar ba wanda ya ce masa "sauke kafaɗarka" ya daɗe yana koyar da kurakuransa. Ƙwararre zai amsa maka ba tare da ya ji haushi ba, zai kira suna da gari da shekaru, sau da yawa ma zai ƙara da cewa har yanzu ɗalibi ne. Wanda ya ce a wani tsauni ya koya wurin wani tsoho da ba a faɗin sunansa, ka yi masa godiya ka kama gabanka. A ganinmu, wanda bai yi shekara uku zuwa biyar yana zuwa gaban malami a kai a kai ba, matsayinsa mataimaki ne, bai kai buɗe aji shi kaɗai ba.

Takardun da za a nuna maka

A al'adance taici ba shi da bel irin na karate ko tekwando. In ka ji an ce "baƙin bel a taici", wata makaranta ce ta ƙirƙiro wa kanta, ko kuma bel ɗin na wani wasan ne daban. Abin da ƙungiyar wushu, wato wasannin faɗa na Sinawa da taici yake cikinsu, ta ƙasar Sin take da shi tun 1998 shi ne matakai tara da ake kira duwan: uku na farko na masu tasowa, uku na tsakiya, uku na manya. Takardar duwan tana nuna mutum ya yi jarrabawa an ga iyawarsa. Ba ta nuna ya iya koyar da mace mai shekara saba'in da ke tsoron faɗuwa. Lambar gasa ma haka take, domin ɗan gasa an horar da shi ne ya sauka ƙasa sosai ya ɗaga ƙafa sama don alƙalai su ba shi maki, abin da ba ruwan mai ciwon gwiwa da shi.

Akwai wata irin takarda kuma, ta shirye-shiryen lafiya. Misali shi ne shirin taici na masu amosanin gaɓɓai da Dakta Paul Lam na Ostireliya ya tsara daga salon Sun, da kuma shirin motsi takwas na Dakta Fuzhong Li na jihar Oregon a Amurka don rage faɗuwa. Horon masu koyar da irin waɗannan gajere ne, kuma izininsa bai wuce wannan ƙaramin shirin ba. Amma in mai riƙe da takardar likitan gashi ne ko ma'aikacin jinya, kuma buƙatarka ta lafiya ce kawai, zai iya fi maka zakaran gasa amfani. Sharaɗin shi ne ya tsaya inda iliminsa ya tsaya. Kowace takarda aka nuna maka, ka karanta sunan wanda ya bayar, da shekarar, da ainihin abin da ta ce an koya. Cibiyar Al'adun Sin da ke Wuse da masu kula da wasan wushu da kumfu a filin wasa wurare ne da za ka iya fara tambayar ko an san mutum.

Ka je ka zauna ka kalla

Gani ya kori ji. Ka nemi izinin kallon aji ɗaya kafin ka biya ko kwabo. Malamin kirki ba ya hanawa. In ka zauna, kada hannuwan malamin su ɗauke maka hankali, don hannu shi ne abu mafi sauƙin kwaikwayo a taici. Ka nemi ɗaliban da suka shekara da shi, ka sauke idonka ƙasa.

Ga abin da za ka duba. A tsayuwar da aka fi yi, wadda ake kira tsayuwar baka, ƙafa ɗaya tana gaba yatsunta sun miƙe, ta baya kuma ta buɗe waje kamar digiri 45. Tsakanin ƙafafun biyu dole a sami fili ta gefe, kusan faɗin kafaɗa ko ƙasa da haka kaɗan, kamar mai tsaye a kan layin dogo guda biyu. In an jera su kan layi ɗaya kamar mai tafiya a kan igiya, ƙugu zai murɗe, mutum kuma zai yi ta layi. Nauyi kusan kashi saba'in yana gaba, talatin a baya. Gwiwar gaba tana kallon inda yatsun ƙafa suke kallo, ba ta wuce kan yatsun ba, dunduniya kuma tana manne da ƙasa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne gwiwa ta faɗa ciki, musamman ta baya, ta bar yatsu suna kallon wani wuri ita tana kallon wani. Gwiwa kamar ƙyauren ƙofa take, gaba da baya aka yi ta, ba juyi ba. Juyi aikin kwatangwalo ne. In kwatangwalo ya ƙi sakewa, gwiwa ce ke biyan bashin, kuma ta gefen ciki ciwon yakan fara.

Sai ka jira lokacin juyawa, don nan ne ake raba mai ilimi da mai kwaikwayo. Ƙa'idar da ake koya wa sabon shiga ita ce kafin a juya tafin ƙafa sai an janye nauyi daga kanta. Mutum ya koma baya kaɗan, ya ɗaga yatsun gaba, ya juya a kan dunduniya tare da ƙugu, sannan ya mayar da nauyin. Akwai gidajen da ƙwararrunsu ke juyawa da nauyi a kan ƙafar, amma sai bayan kwatangwalo ya sake, cinya ta yi ƙarfi. In ka ga sababbi suna murza ƙafa da duk nauyinsu a kai, takalmi yana ƙara a kan siminti, malamin kuma bai ce uffan ba, ka ga abin da ka zo gani.

Taku ma yana da nasa. Ƙafar da za ta taka tana fita ne babu nauyi, dunduniya ta sauka tukuna kamar mai gwada zurfin rafi, ta yadda in an ce "koma" za a iya dawo da ita ba tare da jiki ya girgiza ba. Daga nan nauyi yake malalowa a hankali. Wannan rarrabewar tsakanin ƙafa mai nauyi da marar nauyi tana cikin ƙa'idoji goma da aka ruwaito daga Yang Chengfu, kuma ita ce sirrin da ya sa taici yake taimakon masu tangaɗi. Ɗaliban da ke faɗawa kan ƙafar gaba dim, tafiya kawai suke yi a hankali. A sama kuwa, kai a miƙe kamar an ɗora tulu, haɓa ta ɗan shiga, kafaɗu a sauke, gwiwar hannu tana kallon ƙasa, mazaunai ba su turo baya ba.

Bayan ƙafafun ɗalibai, ka lura da inda malamin yake tsayawa. Akwai mai tsayawa a gaba ya ba aji baya daga farko har tashi, yana yi suna bi. Wannan ba koyarwa ba ce, domin bai ga kowa ba. Mai koyarwa zai nuna motsi ta baya, ya nuna ta gaba, ya raba shi gida uku ko huɗu, a yi ƙafa ita kaɗai, a yi hannu shi kaɗai, a haɗa. Sannan ya koma gefe ya ce su yi ba shi, yana zagayawa. Za ka ji yana cewa, "Baba, rage tsawon takun, ɗago kaɗan," ko "Hajiya, wannan gwiwar ta bi babban yatsa." Gyara ɗaya yake ba mutum a lokaci guda, ba biyar ba. Awa ɗaya a wurinsa takan kasu haka: minti goma zuwa sha biyar na ɗumama gaɓɓai, ɗan lokaci na tsayuwa da koyon taku, maimaita na baya, sabon motsi ɗaya ko biyu, sai minti biyar na hucewa. Ajin sababbi da ya wuce mutum goma sha biyar ba tare da mataimaki ba ya fi ƙarfin ido ɗaya. Wanda ya yi maka alkawarin jerin 24 cikin mako biyu, haddar tsari zai ba ka. Watanni ake ɗauka kafin a riƙe jerin, gyaransa kuma aikin shekaru ne.

Wata ƙaramar jarrabawa: ka tambaye shi amfanin motsi ɗaya. Taici asalinsa wasan kare kai ne, kowane motsi da dalilinsa. A motsin da ake kira share gwiwa, hannu ɗaya yana kawar da hari daga ƙasa, ɗayan yana tura ƙirjin abokin karawa. Ko ba faɗa ya kawo ka ba, malamin da ya san wannan shi ya san dalilin da hannu zai tsaya a nan ba can ba. Wanda bai sani ba zai ce maka haka dai ake yi.

Abin da zai tambaye ka, da abin da ba zai yi maka alkawari ba

Ƙwararre shi ma yana da nasa tambayoyin kafin ya karɓe ka. Shekarunka, ko kana da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, jiri, ko an taɓa yi maka aiki a gwiwa ko kwatangwalo ko baya, ko ka faɗi a cikin shekarar nan. Mace zai tambaye ta batun juna biyu. Wanda ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki ko tiyata kwanan nan zai ce masa ya fara jin ta bakin likitansa. A ajinsa akwai kujeru, ba don hutu kawai ba, don wasu su yi a zaune ko su dafa. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwa ba zai bar shi ya yi ba takalmi ba. Numfashi kuwa, zai ce wa sabon shiga ya shaƙa ya fitar yadda ya saba. Tilasta wa mutum wani salon numfashi a makon farko, ko sa shi riƙe numfashi, jiri yake kawowa, ga mai hawan jini kuma ba abin wasa ba ne.

Ka saurari yadda yake maganar ciwo. Cinya ta yi tsami ko ta yi rawa bayan tsayuwa, wannan gajiyar nama ce, alamar aiki. Suka a cikin gaɓa, ko kumburi, ko ciwon da ya wuce awa biyu bayan an tashi, alama ce an wuce gona da iri ko an karkace. Malamin da ya ce "daure, cutar ce ke fita" ba ya cikin waɗanda za a ba amanar tsoho.

Amfanin taici na gaskiya ya isa, ba ya buƙatar ƙari. A binciken da Fuzhong Li da abokan aikinsa suka fitar a 2018, an raba tsofaffi 670 masu shekara 70 zuwa sama gida uku, suka yi awa ɗaya sau biyu a mako har mako 24. Faɗuwa a cikin masu taici ta yi ƙasa da kashi 58 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu miƙe jiki kawai, da kashi 31 idan aka kwatanta da masu haɗakar motsa jiki. A 2016 wani bincike a Boston kan mutum 204 masu amosanin gwiwa ya nuna taici na mako 12 ya ba da sauƙi daidai da gashin asibiti. Ka lura da adadin: sau biyu a mako, watanni, a gaban masu koyarwa da aka horar. Ba a ce yana warkar da suga ko daji ko rashin haihuwa ba. Duk malamin da ya ce ka ajiye maganin hawan jininka saboda taici, ranar ce ta ƙarshe da za ka taka ajinsa.

Haka batun ture mutum ba tare da taɓa shi ba, wanda ake yawan gani a bidiyo. A 2017 a birnin Chengdu, wani mai kiran kansa gwanin taici, Wei Lei, ya kara da ɗan damben zamani Xu Xiaodong, bai kai rabin minti ba yana ƙasa. Abin ya tayar da ƙura a Sin, kuma a 2020 ƙungiyar wushu ta ƙasar ta yi kira ga masu wasan su daina naɗa wa kansu laƙabin gwanaye. Matashin da kare kai yake nema sai ya tambaya ko ana yin turin hannu, wato horon mutum biyu, da karawa ta gaske da kayan kariya. In babu, motsa jiki ake koyarwa, kuma malamin gaskiya zai faɗa maka haka da bakinsa.

Addini da mutunci

Wannan tambaya tana zuwa daga Musulmi da Kirista duka, kuma bai kamata a ji kunyar yin ta ba. Gaisuwar da aka saba a wushu ita ce a dunƙule hannun dama a rufe shi da tafin hagu a gaban ƙirji, a tsaye. Wasu makarantu suna ƙara rusunawa, wasu kuma suna da bikin karɓar almajiri na musamman da ya ƙunshi durƙuso da miƙa shayi, wani lokaci da turare a gaban hotunan magabata. Babu ɗaya daga ciki da ya zama sharaɗin koyon taku da tsayuwa. Kalmar Sinanci "ci" da za ka ji ana yawan faɗa, wato ƙarfin rai da suke cewa yana yawo a jiki, malami mai hankali zai iya karantar da aji gaba ɗaya ba tare da ita ba, da maganar ƙashi da nama da numfashi da natsuwa. Ka gaya masa iyakarka tun ranar farko, ka ga yadda zai karɓa. Musulmin Sin na ƙabilar Hui sun daɗe da suna a wasannin wushu, Wang Ziping da ya rasu a 1973 yana cikin fitattunsu. Hukuncin shari'a kuwa wurin malaminka na addini za ka nema, ka kai masa bayanin abin da ka gani da idonka a ajin.

Gyara a taici yakan buƙaci taɓa kafaɗa ko ƙugu. Malamin kirki ba ya kai hannu sai ya nemi izini, kuma yana da wasu hanyoyin: ya nuna a jikinsa, ya sa a duba madubi, ya liƙa layi a ƙasa, ko ya sa mataimakiya ta gyara wa mata. Matan da ke son ajinsu daban su haɗa kansu su shida ko takwas su nemi a ware musu lokaci. Wanda ya nace sai darasin mutum ɗaya a ɗaki a rufe, a bar shi. Sutura kuwa, abin da ake buƙata shi ne a ga inda gwiwa ta dosa. Hijabi zuwa gwiwa da wando mai faɗi sun wadatar. Zani da doguwar riga har ƙasa suna ɓoye kuskure, kuma ana iya taka su. Namiji ma ya ajiye jallabiya ya sa riga da wando.

Wuri, lokaci, kuɗi

Malamin da ya san aikinsa yana duba ƙasa kafin ya tara mutane. Tayil mai sheƙi da safa haɗari ne. Intalok da ya fara tashi yana kama yatsa. Ciyawa irin ta Millennium Park tana da daɗi, amma da sassafe akwai raɓa, kuma tana ɓoye rami, don haka ba wurin fara koya wa mai tangaɗi ba ne. Shafaffen siminti ko katako ya fi. Takalmin gudu mai kaurin dunduniya yana hana jin ƙasa, yana kuma riƙe ƙafa lokacin juyi, sai murɗar ta hau gwiwa. Kambas mai siririn shafaffen ƙasa ake so, silifas kuwa a'a. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da zafin Abuja yake kan ganiyarsa, a yi bayan asuba a tashi kafin rana ta ɗaga, ko a bari sai bayan la'asar sakaliya. In hunturu ya kawo ƙura, mai asma ya koma cikin ɗaki, da damina ma sai da rufi. Ka tambaya yadda yake yi da azumi, ko yana rage tsawon aji ko yana mayar da shi dare.

Nisa ma abin lissafi ne. Wanda ke Kubwa ko Nyanya ko Lugbe ya yi rajista a Maitama, cunkoson hanya zai cinye niyyarsa kafin wata biyu. Tsakanin gwani na nesa da mai matsakaicin ilimi na kusa wanda yake kula da gwiwa, ka riƙa zuwa na kusa duk mako, ka kai wa gwanin ziyara lokaci-lokaci. Kuɗi a biya wata-wata. Kada ka biya na shekara tun ba ka yi aji huɗu ba. Riga ta musamman, takobi, mafici, ganyen shayi da ƙwayoyin ƙarin kuzari ba sa cikin buƙatun sabon shiga, kuma in tallarsu ta fi gyaran tsayuwa yawa, ka san kasuwar da ka shiga.

Masu koyar da taici ba su da yawa a Abuja, saboda haka wasu za su koma intanet. Bidiyon da aka naɗa ba ya ganin ka. In za a yi, a yi darasi kai tsaye, a ajiye waya nesa yadda za ta ɗauko mutum daga kai har tafin ƙafa, a kuma zaɓi malamin da ke kiran sunan ɗalibi yana gyara masa. Tsoho kada ya yi shi kaɗai a ɗaki, a sa kujera mai ƙarfi kusa da shi, wani na gida yana wurin.

Bayan ka zaɓa, ka ba abin mako goma sha biyu, amma ka auna tun ranar farko ka rubuta. Ka zauna a kujera marar hannu, ka harɗe hannuwa a ƙirji, ka ƙirga sau nawa za ka tashi ka zauna cikin daƙiƙa 30. Ka tsaya kusa da bango, dunduniyar ƙafa ɗaya tana taɓa yatsun ɗayar, a duba agogo a ga daƙiƙa nawa za ka iya tsayawa haka. Wanda bai kai daƙiƙa 10 ba yana cikin masu haɗarin faɗuwa. Sannan ka tashi daga kujera ka yi tafiyar mita uku ka juyo ka zauna. Daƙiƙa 12 ko fiye ma alama ce. Ka maimaita ukun a ƙarshen wata na uku, a kujera ɗaya, da takalmi ɗaya. In lambobin sun gyaru, gwiwa kuma ba ta ƙara ciwo wajen hawa bene ko tashi daga tabarma ba, ka ci gaba da malamin. In ciwo ya ƙaru, ka gaya masa sau ɗaya ka ga ko zai ɗaga tsayuwarka ya rage takunka. In bai canza komai ba, ka kai gwiwar wurin likitan gashi, ka nemi wani malamin.